Layi uku a ƙarshen takarda

Shekara goma sha ɗaya ina sayar da yadi a Kantin Kwari, ban taɓa karanta shafin ƙarshe na takardar ciniki ba sai da kwantenata ta iso daga Chana a 2024. Na yanki ƙyallen shadda na jiƙa a bokiti, nan take ruwan ya koma kamar an zuba bula. Kusan rabin kayan zuba suke yi.

Da zafina na tafi wajen lauya, ni a dole sai kotu. Ya ɗora yatsa a kan wasu layi uku da ko tururuwa ta fi su girma.

"Alhaji, ai ka riga ka sa hannu. Idan rigima ta tashi, masu raba gardama ne za su yanke, kuma a can Chana za a zauna."

Ya ce haka manyan 'yan kasuwar duniya suka fi so, domin yarjejeniyar New York ta 1958 ta sa hukuncin masu raba gardama yana cin mutum a ƙasashe sama da 170, abin da hukuncin kotu bai samu ba. Amma da muka lissafa kuɗin cibiyar raba gardamar da lauyan can da tafinta, sai na ga kuɗin magani zai fi ciwon.

Sai muka koma sulhu. Zama uku aka yi ta Zoom, ni da ƙarfe takwas na safe a bayan shago, waɗanda suka sayar mini da kayan kuma da ƙarfe uku na rana a can Chana. Mai shiga tsakanin ba ta ce wane ne mai laifi ba. Bidiyon bokitin nan da samfurin da na adana tun farko su suka yi mini magana. Abin ya ba ni dariya: wannan da duniya take wa kallon sabon salo, har da yarjejeniyar Singafo ta 2019 mai tilasta cika alƙawarin sulhu tsakanin 'yan kasuwar ƙasashe daban-daban, da dokar sulhu da Najeriya ta yi a 2023, shi dattawan kasuwarmu suke yi a kan tabarma tun ina yaron shago.

Lauyan ya ja kunnena cewa a lokacin Chana ta sa hannu kawai a ta Singafo, ba ta fara aiki da ita ba, don haka kada in dogara da alƙawari. Muka tsaya a kan ragi a odar gaba, cikon kuɗi kuma sai an duba kaya kafin lodi.

Yanzu daga ƙarshen takarda nake fara karatu, kuma kowane bandir na samfur sai ya kwana a bokiti.