Zama takwas da Baba

Zama takwas kacal aka tsara mana, kowanne minti hamsin. Dattijo ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa daga Sabon Gari. Matarsa ta rasu, barci ya ƙaurace masa. Ni kuwa sabuwar fara aikin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ce, kaina cike da karatu, ina ta lissafin cewa lokaci ba zai ishe mu ba.

Ranar farko, ko gaisuwa ba mu gama ba na miƙa masa takarda, na ce ya riƙa rubuta tunanin da ke zo masa da dare. Ya ninke ta gida huɗu, ya zura a aljihun kaftani. "To 'yata, Allah Ya yi albarka." Mako biyu a jere yana dawo da ita fara fat. Na rubuta a fayil cewa ba ya ba da haɗin kai, kuma har yau rubutun nan yana damuna.

Shugabata ce ta tuna mini da Edward Bordin, masanin ilimin halayyar ɗan Adam, wanda a 1979 ya ce haɗin gwiwar mai jinya da mai ba da shawara ya tsaya kan abu uku: su yarda a kan inda aka dosa, su yarda a kan aikin da za a yi, sannan a sami aminci tsakani. Ta ce, "Wanne kika samu?" Na rasa amsa.

A zama na huɗu na ajiye biro. Muka gaisa a tsanake, ina gajiya, ina iyali, ya ƙarin haƙuri. Sannan na ce, "Baba, me kuke so ya canza kafin mu rabu?"

Ya daɗe yana jan carbi. Ashe ba barcin ne ya kawo shi ba. Ɗakin marigayiyar ne ya kasa shiga, wata bakwai yana kulle. Takardar kuwa, ya ce a wurinsa rubuta baƙin ciki tamkar kai ƙarar ƙaddara ne, shi ya sa bai taɓa ta ba. Kawaici ya hana shi faɗa mini, ni kuma gaggawa ta hana ni tambaya.

Muka sake shiri a kan abin da ya zaɓa da kansa: tsayuwa a bakin ƙofa tukuna, sai buɗewa, sai zama a ciki da ɗiyarsa. Bayani da baki yake kawo mini.

Ranar zama na takwas ya ce ya raba zannuwanta sadaka, ya riƙe mayafi guda. Har lokacin yana farkawa ƙarfe ukun dare, don haka na nema masa ƙarin zama biyu a madadin waɗanda na ɓata.