Wata huɗu ina bin igiyar da babu ita

Har yau in na tuna hoton da na manna a bangon ɗakina a Marwa sai raina ya ɓaci. Aikin digirina na biyu a kan soliton ne, igiyar ruwan nan mai tafiya ita kaɗai ba ta wargajewa, irin wadda John Scott Russell ya bi a kan doki a gefen wata hanyar ruwa a Sikotilan a 1834. Na ɗauki lissafin Korteweg da de Vries na 1895, mai bayanin tafiyar irin wannan igiya, na ƙara masa wani ɗan sashe nawa, na rubuta shi a MATLAB, manhajar lissafi a kwamfuta, bisa tsarin Zabusky da Kruskal na 1965.

A wannan tsari kwamfuta tana raba wuri zuwa ɗigo-ɗigo, lokaci kuma zuwa taku-taku. Wani dare na matse tazarar ɗigo-ɗigon wuri zuwa rabi don hoto ya fito tsaf, na raba takun lokaci shi ma biyu. Sai ga ƙananan igiyoyi suna tsirowa a bayan babbar, suna girma. Wallahi ban yi barci ba. Na ɗauka sashen da na ƙara ne ya haife su. Wata huɗu ina auna su, ina rubuta musu bayani, har na kashe sefa wajen buga shafuka masu launi.

Da na kai wa malamina, bai ko gama duba shafi na biyu ba ya ce, "Ɗana, cire sashen naka, ka sake kunnawa."

Na ce, "Malam, ai shi ne tushen aikin."

"Cire dai."

Na cire. Igiyoyin suna nan daram.

A irin wannan tsari, saboda sauyi mai hawa uku da ke cikin lissafin, in ka raba tazarar wuri biyu, takun lokaci sai an raba shi wajen takwas. Ni biyu na raba. Kuskuren kwamfuta ne ke ninka kansa, ni kuma ina tsayar da ita kafin lambobin su haukace, shi ya sa ban gane ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, gwajin da Malam ya sa ni bai kai minti goma ba. Minti goma, a kan wata huɗu!

Yanzu duk ƙanin da ya zo mini da sabon hoto yana rawar jiki, ba na kallon hoton. Nakan ce ya fara sa soliton guda wanda aka san amsarsa a takarda, mu ga ko tsayinsa da gudunsa sun tsaya, sannan ya rage takun lokaci ya maimaita. Nawa aikin da na gyara sai da ya kwana uku yana gudu, a zafin Afrilu, ina ta addu'ar kada a ɗauke wuta.