Filin wasa da gidan ajiye motoci: ni dai ga nawa ra'ayin

Jiya aka manna zanen sabon ginin wasanni a allon sanarwa na jami'armu, na tsaya na kai minti goma ina kallo. Zane kam ya yi kyau wallahi, ga hanyar tsere ta mita 400 mai layi 8, fili a tsakiya mita 105 da 68 irin na FIFA, ga wurin ninƙaya mita 50, can gefe kuma bene hawa uku na fakin ɗin motoci.

To benen nan ne ya tsaya min a rai. Mota ɗaya tana cin kusan mita 2.5 da 5, ban da hanyar juyawa da gangaren hawa, ga siminti ga rodi, alhali yawancinmu da adaidaita ko bas muke zuwa, wasu da mashin, wasu ma a ƙafa daga hostel, shin wa zai cika hawa ukun? Da rumfa aka yi wa 'yan mashin da bishiyoyin darbejiya ai da an huta, wanda ya taɓa zama kan sirdin da ya sha ranar Afrilu ya san me nake nufi.

Wurin ninƙayan kuma sai a fara tunanin ruwa da janareta tukuna.

Amma fa filin ina so ƙwarai. Tun 1966 ake gasar NUGA ta wasannin jami'o'in Najeriya, mu har yau a kan burji muke atisaye, gwiwata ta hagu shaida ce. A sa fitilun sola, a ware wa mata lokacinsu da ɗakin canja kaya mai ƙofa.