Sunan da ba ya kan maƙala

Yau maƙalata ta fito a mujallar bincike, jama'a sai barka suke yi mini. Ni kuwa hankalina yana wurin editan. Sau 3 ya maido mini da ita, ko'ina jan alƙalami, har shekarar wani littafi da na kuskure sai da ya gano. Wata da watanni yana bin masu tantancewa da waya kamar mai bin bashi.

Na taɓa iske shi a Jami'ar Abdou Moumouni nan Yamai, cikin zafin Afrilu, an ɗauke wuta, yana fifita da takarda yana karanta aikina. Ko dala ba a biyansa, sunansa kuma ba ya kan maƙalar. Malam, Allah ya saka da alheri.