Daren sha huɗu da kwarzanen da na yi wa gilashina

Har yanzu duk lokacin da na buɗe murfin madubin hangen nesana, idona kan fara sauka ne a kan kwarzane uku da ke gilashin gaba. Ni na yi su da gefen rigata, kuma raina bai daina ɓaci ba.

Wata biyar na yi ina tara kuɗinsa. Ƙarami ne, faɗin gilashinsa milimita 70. Ya iso hannuna a tsakiyar hunturu, na ƙi fito da shi sai daren sha huɗu, tunda mun taso muna jin farin wata sha kallo. Bayan isha'i na kafa shi a ƙofar gidanmu a Samaru, yaran unguwa suka yi layi. Da na sa ido, haske ne kawai ya dalle ni, fari fat kamar farantin tangaran, ba rami ba tudu, har idona ya kawo ruwa. Na ce ai ƙura ce, don kwana uku ke nan hazo ya rufe gari, ko Dutsen Kufena ba a hangowa. Na kama gefen riga na murza gilashin da ƙarfi. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, murzar nan daidai take da goga takardar yashi. Da safe na ga abin da na aikata.

Maƙwabcinmu, dattijo da ya daɗe yana koyar da labarin ƙasa kafin ya yi ritaya, shi na kai wa kuka. Na ce, "Baba, ko dai jabu aka sayar mini?" Ya juya madubin ya duba, ya ce, "Ɗana, kayanka lafiya lau. Daren da babu inuwa ka zaɓa." Ya ce in tuna tsakar rana, yadda inuwar mutum ke maƙalewa ƙarƙashin ƙafarsa. Haka wata yake idan ya cika: rana na haska shi gaba da gaba, duwatsunsa ba sa jefa inuwa, komai ya baje. Ashe ba ƙura ba ce ta hana ni gani, a banza na ɓata gilashin.

Na jira wata mai kamawa. A daren goma, bayan magariba, na auna madubin kan layin da ya raba haske da duhu a fuskar wata, kamar yadda dattijon ya ce. Wallahi sai da na riƙe numfashi. Ga wani babban rami da ake kira Copernicus, bakinsa na ƙyalli, cikinsa baƙi ƙirin. Faɗinsa kusan kilomita 93, ya ɗara nisan Zariya zuwa Kaduna, kuma ina kallonsa daga nisan kilomita 384,000. Da na dawo kansa washegari, haske ya riga ya shiga ciki, har ƙananan duwatsun tsakiyarsa sun fito. Bayan nan na ga watanni huɗu da ke zagaya duniyar Mushtari (Jupiter), waɗanda masanin taurari Galileo ya gano a 1610, amma ba su girgiza ni kamar ramin nan ba.

Mai shirin sayen irin wannan kaya, don Allah kada ka jira wata ya cika. Fito da shi daga daren biyar zuwa na goma. Kaza da 'ya'yanta kuwa sai daren duhu, musamman in an ɗauke wuta. Gilashi kuma kada riga ta taɓa shi. Ni yanzu 'yar robar busa iska nake fara sa masa, sannan burushi mai laushi, in hazo ya yi yawa ma ba na buɗe murfin.

Kwarzanen ba su hana ni kallo ba, sai dai in na juya wajen Zara da yamma, wani siririn haske kan fita daga gefenta, kuma na san daga inda ya fito.