Riba ta Alhaji, asara ta yaran famfo

Ƙarshen watan jiya na miƙa makullai da littattafan gidan man da nake riƙe wa wani Alhaji a nan Damagaram. Waɗanda muka yi aiki tare sun san gidan, sun san mai shi, ba sai na kama suna ba. Tunda abokan sana'a suna ta tambayata dalili, gara in rubuta sau ɗaya in huta.

Abin ya faro ne tun watan Agusta na 2022, lokacin da gwamnati ta ɗaga litar gazuwal daga sefa 538 zuwa 668. Labari ya riga sanarwa isowa, kamar kullum. Ana saura kwana biyu Alhaji ya aiko ɗansa da daddare, ya sa wa famfon gazuwal kwaɗo, ya rataya kwali wai ya lalace, ya tafi da makulli. Tankin ƙasa kuwa cike yake. Masu manyan motoci da masu injin niƙa suka yi ta zuwa suna komawa, mu ne masu ba su haƙuri. Ranar da sabon farashi ya fara aiki, famfo ya warke ba tare da makaniki ya taɓa shi ba. Sefa 130 kenan a kan kowace lita, a man da aka saya da tsohon kuɗi. Cikinmu babu wanda ya ga ko na goro. Da 'yan M62, gamayyar ƙungiyoyin farar hula, suka fito zanga-zanga a Yamai a watan Satumba kan tsadar gazuwal da tsadar rayuwa, Alhaji ne kan gaba a fadarsu ta shayi wajen tsine wa masu cutar talaka.

Ban ce komai ba a lokacin, dukiyarsa ce. Sai da 2024 ta zo na gane yadda lissafin yake a wajensa.

A watan Yuli na shekarar aka fara raɗe-raɗin za a rage kuɗin mai. Na kira shi na ce, «Alhaji, mu dakata da oda, mu sayar da abin da ke ƙasa tukun.» Ya ce, «Kai yaro, tun kana lekol nake wannan sana'a. Gwamnati ba ta rage kuɗi.» Ya sa aka kawo siterni, wato motar dakon mai, aka sauke, na sa hannu a takardar saukewa tunda aikina ne. Ranar 23 ga Yuli esansi ya sauko daga 540 zuwa 499, gazuwal daga 668 zuwa 618. Gari ya ɗauki murna, 'yan kabu-kabu suna ta oda a titi. Mu kuma muna zaune kan man da kowace litarsa ta zubar da sefa 41 ko 50 a dare ɗaya.

Da aka zo lissafin ƙarshen wata sai na tarar ya rubuta wannan giɓi a matsayin manko, wato man da ya ɓace a hannun ma'aikata. Duk wanda ya taɓa riƙe sandar awo ya san manko na gaskiya: abin da zafin bazara ke shanyewa, ɗan bambancin da ke tsakanin sanda da kwantar da ke ƙirga lita a famfo, ko yaron da hannunsa ba ya tsayawa. Wannan ana bin sawunsa, a gane inda ya shiga. Amma ragin da aka yanke a majalisar ministoci a Yamai, ta yaya zai zama mankon yaron famfo a Damagaram? Na nuna masa littafi shafi-shafi, lita ko ɗaya ba ta ɓata ba. Ya ce, «Wa ya sa hannu a takarda?» Na ce, «Ni, ranka ya daɗe, bisa umarninka.» Ya ce, «Ina umarnin yake?» A waya ya bayar. Aka raba asarar, babban kaso a kaina, sauran a kan yara, ana zabga daga albashi wata bayan wata. Ɗaya daga cikin yaran matarsa na da tsohon ciki. Ragon suna sai da muka haɗa masa kuɗi. Har yau in na tuna da wannan «ina umarnin yake» sai in ji abinci ya fita raina.

Daga ranar na daina karɓar umarni da baki. In ya kira, sai in ce ya turo a WhatsApp, ko da murya ce. Ya ɗauki wannan a matsayin raini, kuma wannan doka tawa ce ta raba mu a watan Maris na 2025, lokacin ƙarancin esansi.

Kowa ya san yadda aka shiga wannan hali. Shekara da shekaru rabin garin nan ruwa-ruwa yake sha, man Najeriya mai tallafi da ke shigowa ta wajen Magarya da Matamai, ana sayar da shi a kwalabe ƙasa da kuɗin famfo. Da Tinubu ya cire tallafi a watan Mayu na 2023, man can ya yi tsada, kwalabe suka fara bushewa, duk masu saye suka dawo famfo. Ragin 2024 ya ƙara jawo su. Matatar SORAZ kuwa tun da aka buɗe ta a 2011 ganga 20,000 take iya tacewa a rana, an ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Layi ya miƙe, mutane suna kwana kan babura. Alhaji ya ce in an kawo siterni in sayar da kaɗan da rana, in rufe, da dare a cika wa masu jarka a kuɗin da ya fi na hukuma, su kuma su zuba a kwalba su ninka. Na ce ya rubuto. Bai rubuto ba. Na buɗe famfo na sayar wa layi har tanki ya ƙare, babur na jika biyu, mota gwargwado, har da motocin ofis masu takardar bo, ta karɓar mai bashi, na ce su bi layi. Bai kore ni ba, ya dai kawo ɗan ƙanensa ya zaunar a ofishina «don ya koyi aiki». Na fahimci saƙon.

Wani abu da bakin famfo ya nuna min shi ne fushin mutane yana sauka ne kan wanda hannu ke kaiwa gare shi. An zagi uwayenmu, an jefi gilashin ofis, alhali ko tamma ba mu da ikon ƙarawa ko ragewa. Farashi daga sama yake zuwa, kuma ɗaya ne a faɗin ƙasa. A cikin lita akwai kuɗin da matata ta sayar, da harajin gwamnati, da kason kamfanin man gwamnati SONIDEP, da kuɗin dako, sannan ɗan abin da ke rage wa gidan mai. Amma ban ga laifin mai tambaya ba. Mutumin da ɗanyen mai ke zuwa daga Agadem a tace shi kan hanyar Tanut, kilomita kusan 50 daga ƙofar gidansa, ya biya daidai da na Yamai, sannan ya koma gida ya sayi ruwan sha wajen mai kura, dole ya tambayi inda harajin ke tafiya. Da za a liƙa wannan lissafi a jikin kowane famfo, kowa ya ga nawa ke shiga baitulmali da abin da aka yi da shi, da yaran famfo sun huta da rabin zagi. Su kuwa motocin ofis da ke shan mai da takardar bo a biya bayan watanni, haraji ne na biyu da babu wanda ke yi masa zanga-zanga.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Ka auna siterni da kanka kafin a sauke, ko da direban ɗan unguwarku ne. Kada ka ba ɗan'uwan mai gida bashi sai da sa hannunsa, don ranar biya ba zai san ka ba. Ka ɗauki hoton kowane shafi na littafi ka ajiye a wayarka. Nawa suna nan, daga na farko har na ƙarshe, ga duk wanda ya ji an ce na tafi da kuɗin wani. Ga wanda ya gaje ni kuma: yaran nan suna bin gidan kuɗin da aka zabge musu tun 2024, jimillar kowa na rubuce a bangon littafin manko, ta ciki.