Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da Ƙafafuna Suka Yi Mini Tawaye a Rubavu

A kashin makon jiya na tsaya a inda na sauka Kigali da kekena a cikin kwali, na shiga mota zuwa Rubavu, garin da mutane da yawa har yanzu suke kira Gisenyi, a bakin Tafkin Kivu, bango ɗaya da Goma ta ƙasar Kwango. Watan Agusta ne na 2022, karo na farko da aka kawo gasar Ironman 70.3 ƙasar Ruwanda. Ga wanda bai ga kashin baya ba, wasa uku ne a jere babu hutu: iyo kilomita 1.9, keke kilomita 90, sannan gudu kilomita 21.1. Jimilla kilomita 113, wato mil 70.3, inda sunan ya samo asali. Awa takwas da rabi ake ba mutum. In ya wuce haka, ko ya iso da rarrafe, ba ya cikin waɗanda suka gama.

Na yi sallar asuba a ɗakina, na tura burodi da zuma da ayaba biyu ba don ina jin yunwa ba, na gangara bakin ruwa. Iyon shi ne abin da na shekara ina tsoro, don sai da na haura arba'in na koya, a wani kududdufin otal a Abuja da yara suke yi mini dariya. Amma Kivu ya yi mini adalci. Ruwan ba sanyi, ba kada, ba dorina. Na fito a minti 52. Abu ɗaya kawai: dab da fitowa, yatsun ƙafata ta hagu suka lanƙwashe da kansu, tafin ƙafar ya ɗaure na ɗan lokaci ya saki. Na ce ba komai. Ashe sallama ce aka yi mini, ban amsa ba.

A kan keke na yi ɓarnar, kuma ba wanda ya sa ni.

Ba banza ake ce wa Ruwanda ƙasar tuddai dubu ba. Tafkin kansa yana kan tsayin mita kusan 1,460 daga teku, ninki uku na inda na saba atisaye a Abuja, kuma daga bakinsa duk inda ka nufa hawa ne. Tun ana jajibere na ga masu haya da keke, keken ƙarfe mara giya irin Raleigh ɗin mahaifina na Zariya, suna hawa tudu da damin ayaba da ya fi ni nauyi. Da ina da hankali da na ɗauki darasi. Shirin da na rubuta a takarda na manna a kan keken shi ne in hau kowane tudu a giya mai laushi, kada numfashina ya kai inda ba zan iya magana ba. Na bi shirin nan har kilomita ashirin da wani abu. Sai wata dattijuwar Baturiya, furfura na leƙowa ta ƙarƙashin hular kwanonta, ta zo ta wuce ni a kan tudu kamar ina tsaye, har da ɗaga mini hannu.

Wallahi ban san lokacin da na miƙe tsaye a kan feda ba. Zuciya ta ce: kai, ɗan Zazzau, sa'ar Hajiya mahaifiyarka ce za ta bar ka a baya? Na sa giya mai nauyi, na bi ta, na wuce ta. Ta sake wuce ni. Na sake. Mun yi haka ya fi kilomita talatin, ita tana juya ƙafa a hankali kamar mai kaɗa miya, ni ina dukan feda kamar mai sussuka. Yaran da ke bakin hanya suna ta ihu, “Komera! Komera!”, wato ka yi ƙarfi, ni kuwa na ɗauka kirari ne nawa ni kaɗai. A wajen kilomita 70 cinyata ta dama ta fara motsi a ciki, irin rawar da fatar ido take yi. Dattijuwar ta tafi, ban sake ganin ko ƙurarta ba sai a wurin cin abinci da yamma.

Na ajiye keke agogona na nuna awa biyar da minti goma. Saura awa uku da minti ashirin, ga kilomita 21. A rana mai kyau ina yin wannan a awa biyu da kwata. Na ce ai an gama.

Ban yi kilomita biyu ba abin ya sauka. 'Yan ƙwallon unguwarmu cewa suke masul ya kama mutum, kuma na sha ganin ɗan wasa ya zube ana danna masa tafin ƙafa, ina cewa raki ne. Allah ya yafe mini. Tsokar gaban cinyata ta dama ta dunƙule wuri ɗaya ta yi tauri, ina kallonta ta cikin wando kamar an cusa curin fura. Ƙafar ta miƙe ta ƙi lanƙwasuwa. Na kama wani turke, na jawo dunduniya baya don in miƙar da tsokar, sai ta bayan cinyar ta ce ita ma ga ta nan. Na sake ta na sunkuya, ta gaba ta dawo. Wannan shi ne muguntar abin: maganin ɗaya shi ne tsokanar ɗaya. Na tsaya a bakin titi ƙafa a sandare, ina salati da ƙarfi, wata mata mai goyo tana kallona tana girgiza kai.

Ina da ƙwayoyin gishiri shida a aljihu, don kowa ya gaya mini rashin gishiri da ruwa ne ke kawo wannan. Na haɗiye biyu. A rumfar ruwa ta gaba na ƙara biyu, na kora da Coca-Cola, na ci ayaba. Ba abin da ya canza sai cikina da ya fara kumburi. Nan wani ɗan Afirka ta Kudu, shi ma yana ɗingishi, ya tsaya kusa da ni ya ga ina ƙoƙarin ɓare ta biyar. Ya ce, “Ɗan'uwa, ko buhu ka shanye ba zai sake ka ba. A kan keke ka ci bashin nan. Miƙar da ita a hankali, ka riƙe, kada ka fizga. Sannan ka rage tsawon takunka.”

Haushinsa na ji a lokacin. Sai bayan na dawo gida na bincika na tarar maganarsa tana da tushe. Tun 1997 wani likitan wasanni na ƙasarsu, Farfesa Martin Schwellnus, ya kawo bayanin cewa tushen abin gajiyar tsoka ce. In tsoka ta gaji fiye da yadda ta saba, saƙon da ke cewa “ɗaure” yana ƙaruwa, wanda ke fitowa daga jijiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi yana cewa “saki” yana raguwa, sai laka ta yi ta aika umarnin ɗaurewa ba tsayawa. Shi ya sa miƙarwa take aiki nan take: tana jan jijiyar nan, saƙon saki ya dawo. Da aka auna jinin 'yan gasar Ironman, ba a ga wani bambancin kirki na gishiri ko ƙarancin ruwa tsakanin waɗanda ƙafarsu ta ɗaure da waɗanda ba ta ɗaure ba. Abin da ya fi fitowa shi ne wanda ya taɓa fama da abin a baya, da wanda ya yi saurin da ya wuce na atisayensa. Har yau masana ba su rufe bakin maganar gishiri ba, musamman ga mai zufa da yawa a rana mai zafi. Amma ni na san nawa. Furfura na bi.

Na koma lissafi irin na mai bin bashi. Taku ɗari ina sassarfa, ƙafa ba ta ɗagawa sama da tafin hannu, taku hamsin ina tafiya. In na ji tsokar ta fara rawa, in tsaya tun kafin ta kama, in miƙar, in ƙirga ashirin. Gangara ta fi hawa azaba. A kilomita 12 sha-raɓar hagu ta shigo layi, yatsuna suka nuna ƙasa kamar na mai rawa, na jingina da bango ina danna dunduniya. Sau biyu masu agaji suka matso suna tambaya ko in hau mota. Da na hau, shi ke nan, an cire ni. Abin da ya hana ni ba jarumta ba ce. Kuɗin jirgi na tuna, da kuɗin rajista da na biya da dala, da fuskar uwargida ranar da na ce mata gyaran kicin sai baɗi.

Kilomita uku na ƙarshe ban san yadda suka wuce ba. Na dai san na daina kallon tafkin, na daina jin “Komera”, agogo kawai nake kallo. Na taka jan kafet ɗin ƙarshe a awa takwas da minti goma sha tara. Wata yarinya ta rataya mini lamba a wuya, na so in sunkuya mata, cinyar ta hana.

A ɗaki na yi alwala a daddafe, na tayar da azahar da la'asar, ƙasaru. Ruku'un farko bayan cinyata ya sake kamawa, na ƙarasa sallar a zaune a bakin gado. Ina sallamewa waya ta yi ƙara, uwargida ce ta haɗa ni da Hajiya.

“Ɗan nan, an ce ka gama. Na nawa ka zo?”

Na ce, “Hajiya, ina can wajen ƙarshe.”

“To me suka ba ka?”

“Lamba ce ta ƙarfe, da riga.”

Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can ta ce, “Ba ni matarka.”

Abin da suka ƙulla a wayar nan, da yadda kekena ya yi wata huɗu a kulle a sito, shi ne kashi na 18, mako mai zuwa in Allah ya kai mu.